Alobera ko haɗin Indiya: wanne zaki ɗauka idan fuskarki ta fara ƙaiƙayi?

Sati uku kafin bikinta ƙanwata ta yanko ganyen alobera a tukunyar fulawar dake tsakar gidanmu, ta tsaga shi biyu ta murza a fuska tun bayan isha'i ta kwana dashi. Da asuba wlh sai da na tsorata, fuska tayi ɓoro-ɓoro da ƙananan ƙuraje kamar na zafi, gefen hanci da saman leɓe sai raɗaɗi take ji, ko ruwan alwala ya taɓa wajen sai ta runtse ido. Kafin azahar wata mai saida kayan gyaran jiki ta gaya mata wai aloberan ne bai karɓeta ba, ta barshi ta sayi set ɗin Indiya na Ayurveda, wato maganin gargajiyarsu, sabulu da mai da garin shafawa, wai shi ai zallar itatuwa ne baya reactin. Ni na hana, kuma dalilin hanawar nakeson na baje anan, don na lura mata da yawa a wannan mararrabar suke tsayawa, alobera ya ɓata musu fuska sai su tsallaka kayan Indiya ba tare da sun san me ya ɓata ta ɗin ba tun farko.

Kafin a fara maganar wanne yafi, ki sani abin da muke kira alobera kala biyu ne, abin da ake kira haɗin Indiya shima kala biyu ne, kenan abu huɗu ne a gabanki kuma halinsu ba ɗaya ba.

Bari mu fara da ɗanyen ganye tunda shine ya jawo maganar. In kika yanka ganyen alobera zaki ga ɓawo kore a waje, sai fari mai yauƙi a tsakiya, amma tsakanin su biyun akwai wani ruwa ruwan ɗorawa mai ɗaci da wari da yake tsatstsafowa da zarar wuƙa ta shiga. Wannan ruwan shine matsalar yawancin mutane. Akwai sinadari a cikinsa da ake kira aloyin, shine yake sa gudawa in aka sha, har ma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta cire shi daga jerin magungunan wankin ciki da ake saidawa ba takardar likita tun 2002. Toh abin da yake murɗa hanji haka kinga ba abin mamaki bane ya ci fatar fuska, musamman in an kwana dashi. Ƙanwata ko wanke ganyen batayi ba, da ruwan ɗorawar da komai ta murza. Yadda ya kamata shine ki yanke gindin ki jingina ganyen a tsaye cikin kofi kamar minti 15 ko fiye har ruwan ya gama ɗiga, ki wanke, ki fere ƙayoyin gefe da ɓawon, ki ciro farin ki sake ɗauraye shi har sai kin daina ganin rawaya ko kaɗan. Mutane da dama da suke cewa alobera baya karɓarsu da sunyi haka da lafiya lau zasu zauna dashi.

Sannan a duba irin shukar ma. Wanda ake yin kayan shafa dashi asalinsa daga yankin Larabawa ne, akwai kuma danginsa na daji da suke fitowa a ƙasarmu, irin wanda wasu ke kira kabar giwa, sunyi kama sosai amma ba abu ɗaya bane, kuma duk binciken da ake ambata akan alobera ba akansu akayi ba.

Shi farin dake tsakiyar ganyen kuwa kusan kashi 99 cikin 100 ruwa ne, babu maiƙo a cikinsa sam. Shiyasa yake da sanyi a jiki in rana ta ƙona ki ko kika ɗan taɓa tukunya, kuma shiyasa a lokacin hunturu in kika shafa shi shi kaɗai sai kiji fuska ta ɗaure tana ja, ta yi furu-furu, don ruwan ya bushe ya tafi babu abin da ya rufe shi. Wannan ba alaji bane, bushewa ce, maganinta ki ɗora ɗan man kaɗanya ko basilin akai. Wata matsalar ɗanye itace baya ajiyuwa, a firij ma sati ɗaya ne, mu kuma da wuta take zuwa tana ɗaukewa kwana ɗaya biyu ya fara tsami, ki shafa abin da ya fara ruɓewa akan pimpus kinga ai ƙari kikayi.

Akwai kuma waɗanda da gaske jikinsu baya son alobera ko an wanke shi sau goma, basu da yawa amma akwai su, ana yawan jan kunnen masu samun matsala da albasa da tafarnuwa a fata su yi hattara dashi. Bambancin da zaki gane shine, cin fata irin na ruwan ɗorawa nan take ko cikin awanni kike jinsa kuma raɗaɗi yafi yawa, shi kuwa alaji sai bayan kwana ɗaya zuwa uku yake fitowa, ƙaiƙayi yafi yawa, wani lokacin har da ƙuraje masu ruwa, kuma duk sanda kika sake shafawa sai ya dawo ko ɗan kaɗan ne.

Sai na roba, wannan koren jel ɗin da ya cika shaguna da hoton ganye a jiki da 99% rubuce da manyan baƙi. Dan Allah ki tuna farin alobera bashi da kala, to koren daga ina? Kala aka zuba. Ƙamshin ma turare ne don ɗanyen alobera ba ƙamshi gareshi ba. Juya robar ki karanta bayan, sau da yawa zaki ga ruwa ne a farko, sai alkohol, sai sinadarin dake sa abu yayi kauri kamar jel, sai turare da kala da maganin hana lalacewa, aloberan yana can ƙasa. A ƙa'ida abin da yafi yawa shi ake fara rubutawa, don haka in kika ganshi a na shida ko na bakwai kin san matsayinsa. Turare da magungunan hana lalacewa suna cikin manyan abubuwan dake kawo alajin kayan shafa a duniya, alkohol kuma shine wannan sanyin da kike ji kina cewa yana aiki, alhali busar da fatar yake. A 2016 kafar labarai ta Bloomberg ta kai jel ɗin wasu manyan shagunan Amurka ɗakin gwaji aka nemi alamar alobera a ciki aka rasa, a Amurka fa kenan, toh ina ga wanda aka juye a roba babu lambar NAFDAC babu adireshi. Kenan mace zata iya cewa alobera ya ƙona ta alhali ko aloberan bata shafa ba.

Amma fa na roba mai kyau yana da nasa amfanin da ɗanye bashi da shi, an tace aloyin ɗin, baya lalacewa da wuri, kuma yau da gobe abu ɗaya kike shafawa. In kika samu fari tas mara ƙamshi mara alkohol wanda alobera ne a farkon jeri, ni a ganina yafi ɗanye kwanciyar hankali ga wadda bata da lokacin fera da wanki.

Wani abu da bazan wuce ban faɗa ba saboda masu haihuwa. Alobera yana taimakawa ƙaramar ƙuna ta sama-sama, amma ba'a sa shi a ciwo mai zurfi. A 1991 an yi gwaji a Amurka akan matan da ɗinkin tiyatarsu ya buɗe bayan CS ko aikin ciki, waɗanda aka sa wa alobera sai da suka ɗauki kwana 83 kafin su warke, waɗanda ba'a sa wa ba kwana 53. Don haka kar wata ta ce miki ki shafa a wajen ɗinki.

Yanzu mu tsallaka Indiya. Ayurveda tsohon ilimin maganin gargajiyarsu ne, kalmar daga yaren Sanskirit take, ma'anarta ilimin rayuwa, suna da tsofaffin littattafai irin su Charaka Samhita da Sushruta Samhita, kuma tun 2014 gwamnatinsu ta buɗe ma'aikata guda mai suna AYUSH da take kula dashi da sauran magungunan gargajiya. Mai son zama likitan Ayurveda karatun shekara biyar da rabi yake yi. A tsarinsu jikin mutum yana tafiya akan abu uku, vata da pitta da kapha, mai busasshiyar fata vata ne ya rinjaye shi, mai fata mai saurin ja da zafi pitta, mai maiƙo kapha, kuma kowanne da abin da ake bashi. Ko kin yarda da wannan rabon ko baki yarda ba, abin lura shine su kansu basu taɓa cewa haɗi ɗaya yana yi wa kowa ba, sai an duba mutum. Toh set ɗin da ake tura miki ta waya, wanda aka saida wa mace ɗari iri ɗaya, sunan kawai ya ɗauka.

Ga kuma abin da mai saida wa ƙanwata bata sani ba ko bata faɗa ba, alobera ɗin kansa kayan Ayurveda ne. Kumari ko ghritkumari suke ce masa, suna ɗaukarsa mai sanyaya pitta, kuma yana cikin sabulai da mayuka da abin wanke fuska nasu da yawa. Wadda take da alajin alobera na gaske in ta gudu wajen kayan Indiya bata karanta baya ba, gidan jiya ta koma.

Haɗin gida nasu shi nafi so a ɓangaren, kuma ba baƙonmu bane sosai. Ubtan da suke shafa wa amarya da ango a bikin haldi, wato bikin shafa kurkur kafin aure, garin wani wake ne da suke kira besan, da kurkur, da garin sandal, a kwaɓa da madara ko ruwan wardi, duk wadda ta taɓa zama aka yi mata dilka irin ta Sudan zata gane tsarin. Sai multani mitti, wata farar ƙasa ce mai laushi da ta samo suna daga garin Multan na Pakistan, tana tsotse maiƙo sosai. Sai nim, wato darbejiyarmu dai ko dogon yaro, asalinta ma daga can take, zamanin Turawa aka kawo ta nan. Kyawun wannan ɓangaren shine da hannunki kika haɗa, abu uku ko huɗu, in wani abu ya faru zaki iya cire ɗaya ki gani. Amma kowanne da halinsa. Multani mitti ga mai maiƙo a lokacin zafi sau ɗaya a sati yayi, ga mai busasshiyar fata a hunturu kuwa tsatstsaga ta zaiyi, kuma kar ki bari ya bushe ƙamas yana ɓarewa, yana fara ɗaurewa ki wanke. Kurkur yana rina fata da tawul, kuma likitocin fata a Indiya sun daɗe suna ganin masu alajinsa, ga algus, a Bangaladash binciken jami'ar Stanford na 2019 ya gano ana zuba masa kala mai darma don yayi rawaya sosai, shiyasa gara ki sayi saiwar ki daka da kanki. Garin sandal na gaske tsada gareshi ƙwarai, mai arha yawanci wani gari ne aka fesa wa turare. Man darbejiya kuma yana da ƙarfi, ba'a shafa shi zalla a fuska sai an sirka, kuma a ɓoye shi daga yara don shansa guba ne garesu.

Wanda nafi jin tsoro a haɗe-haɗen nan shine lemon tsami da ake cewa a matsa a ciki don haske. Ruwan lemon tsami in ya zauna a fata rana ta doke shi yana ƙona wajen ya bar baƙin tabo na watanni, mu kuma rana ce da mu ba ta wasa ba. Akwai wani iri da suke kira bakuchi ko babchi da ake bayarwa don ciwon nan da fata ke yin dabbare-dabbaren fari, shima haka yake aiki da rana amma yafi tsanani, har ƙuna mai ruwa yake yi. In kika ga sunansa a jikin mai ki ajiye sai da likita.

Na huɗu sune na kwalba da na kwali da aka rubuta Ayurvedic ko herbal. Anan ne lissafin yake juyewa gaba ɗaya. Ɗauki man kumkumadi da ake yayinsa, man riɗi ne aka dafa da za'afaran da sandal da wasu saiwoyi da itatuwa sama da goma. Ga busasshiyar fata lafiyayya ɗigo biyu uku da daddare yana laushi, amma ga mai pimpus mai ne mai nauyi, ga wadda fuskarta take a fusace kuma kin tashi daga abu ɗaya da kike zargi kin koma goma sha, in ya ɓaci wanne zaki kama? Wannan ma in na kamfani mai mutunci ne kenan. Na wanda babu suna babu jerin abin dake ciki, wanda ake cewa sati ɗaya zaki ga haske, tsorona biyu ne akansa, zaiba (wato mercury) da sitiroid (maganin asibiti mai ƙarfi na kwantar da kumburi da ƙaiƙayi). Babu wani ganye a duniya da yake sauya kalar mutum a sati ɗaya. A 2014 wata cibiyar bincike a Delhi mai suna CSE ta gwada mayukan haske 32 ta samu zaiba a 14, ita zaiba ƙoda take ci a hankali. Sitiroid kuma irin su clobetasol, da farko fuska tayi sumul tayi haske ƙaiƙayi ya tafi har ki yi ta sa wa mai saidawa albarka, bayan wata biyu uku fata tayi siriri, jijiyoyi su fito, gashi ya tsiro, nankarwa ta biyo baya, ranar da kika daina kuma fuska ta kama da wuta. Likitocin fatar Indiya har suna suka sa wa wannan ciwon saboda yawansa a wajensu. Ga wadda alobera ya riga ya ɓata wa fuska wannan shine tarko mafi muni, don zai kwantar da ƙaiƙayin da gaske, sai ta ɗauka ta samu magani.

Masu haɗa miki da na sha kuma wai gyara daga ciki, ki sani a 2004 mujallar likitoci ta JAMA ta buga binciken da aka sayi magungunan Ayurveda 70 a shagunan birnin Boston aka samu darma ko zaiba ko gubar arsenik a 14, ɗaya cikin biyar kenan, aka maimaita a 2008 da na intanet aka samu kusan haka. Wani reshe na Ayurveda da gangan yake sa ƙarafa a magani. Mu da muka ga abin da darma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 bai kamata a yi mana dogon bayani ba, mai ciki da mai shayarwa dai su nisanta.

Toh wanne za'a ɗauka? In fuskarki yanzu haka tana raɗaɗi ko ƙaiƙayi, babu ko ɗaya a cikin huɗun. Abin da muka yi wa ƙanwata shine ruwa mai sanyi, tsumma mai tsabta a jiƙa a ɗora, basilin fari mara ƙamshi, aka ɗauke sabulu mai ƙarfi da soso da hoda da dilkar da aka shirya mata, ta daina fita rana tsaka. Kwana biyar ya kwanta, sati biyu babu alama. Dalilin da yasa na matsa akan kar a ƙara komai shine fatarmu baƙa duk inda ta ƙone ko aka sosa sai ta bar tabo, ƙaiƙayin kwana uku ne amma tabon sai ya kai wata shida, kenan garin neman haske an samo duhu. In ya wuce sati bai sauka ba, ko yana ruwa, ko ya kai fatar ido, likitan fata zaki gani, kar ki tsaya wa mai kemis ya miƙo miki tube mai haɗi uku, irin mai sitiroid a ciki. In kuma leɓe ko ido ya kumbura ko numfashi ya fara wahala, wannan asibiti ne a take.

Bayan ta warke sai ki yi gwaji, kuma ba irin na minti biyar a bayan hannu ba. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka cewa tayi a shafa a waje kaɗan kamar faɗin kwabo a cikin gwiwar hannu, safe da yamma, kwana 7 zuwa 10, don alaji baya fitowa rana ɗaya. Abu ɗaya a lokaci ɗaya. Fara da farin ɗanyen da kika wanke tas, in bai yi komai ba kinga ruwan ɗorawar ne ko kayan cikin roba suka cuce ki, kina iya cigaba da alobera abinki. In shima ya tada ƙuraje toh ke da alobera kun rabu, ki riƙa neman sunansa a bayan duk abin da zaki saya, har da kumari da barbadensis, wato sunansa na kimiyya.

Daga nan zaɓin ya danganta da fatarki da abin da kike nema. Don sanyaya ƙunar rana ko bayan halawa, alobera wankakke ko farin jel mara turare yafi duk wani haɗin Indiya, ki ɗora mai akai in iska ta bushe. Mai maiƙo da ƙananan pimpus, multani mitti da ruwa zalla ko besan da ɗan kurkur kaɗan zai fi mata alobera amfani, sau ɗaya a sati, ba lemon tsami. Mai busasshiyar fata ko mai saurin reactin, gaskiya duka biyun ba nata bane sosai, man kaɗanya mai kyau ya fi mata. Na kwalba kuwa sai in akwai cikakken jerin kayan ciki da sunan kamfani da lambar NAFDAC, kuma ya ci gwajin kwana goman nan. Amarya kuma kar ta fara sabon abu ko wanne iri ne in lokacin da ya rage a yi bikin bai kai wata ɗaya ba. Ita ƙanwar tawa bayan biki da wata biyu ta gwada wankakken farin a hannunta kwana goma bai yi mata komai ba, yanzu tana shafa shi bayan ta dawo daga rana, set ɗin kuma har yau bata saya ba.